Kafin A Sauke Kaya A Bakin Kogi

Wanda ya tashi a Doka ya san kogin Kaduna da kama biyu. Da rani, in ka tsaya a lambun Gamji ka leƙa, baƙaƙen duwatsu za ka gani sun ɗago kamar bayan dorinai, ruwa na ratsa tsakaninsu a hankali, masu wanki sun baza shanya, yara na tsalle daga wannan dutse zuwa wancan. Ka dawo cikin Agusta ko Satumba, ko dutse ɗaya ba za ka gani ba, sai jan ruwa mai kumfa yana wucewa da kututture da kara da abin da ya ƙwato daga gonakin mutane. Kowa na iya ganin wannan. Abin da ba kowa ya iya ba shi ne mutum ya zo da rani, ƙasa a bushe ƙamas, ya duba gaɓa ya ce ga iyakar inda ruwa ke kaiwa, ga inda za a kwana, ga inda ko an ba ka kyauta kada ka shimfiɗa tabarma.

Na ga wannan gwaninta a wurin wani tsoho maƙwabcinmu a Kabala Doki, Basarke, wanda iyayensa suka taso daga wajen Yawuri. Su ya gada, kuma a kansa ya tsufa. Duk shekara in ruwa ya janye, sai shi da yaransa su loda taru da mamari da zana a kwalekwale, su haura gaba da Malali, su kafa bukka su yi makonni suna kamu suna banda. Wata shekara, ina ɗan sakandare, na dame shi har ya yarda a tafi da ni. Ƙarshen Afrilu ne, garin ya yi zafi har kwalta na narkewa, ruwan sama kuwa ko ɗigo bai sauka a Kaduna ba cikin makon.

Da la'asar muka kai wata gwiwar kogi inda yashi ya taru fari tas, a shimfiɗe kamar an share. Tun kafin kwalekwale ya tsaya na dira, na jefa jakata a tsakiyar yashin, na ce ai mun samu masauki. Tsohon bai ko motsa ba. Ya ce, “Ɗan boko, ka gai da mai ɗakin kafin ka ajiye kaya?” Na ce, “Baba, wane mai ɗaki kuma?” Sai ya nuna mini da baki wata giyayya da ke gefe. Na ɗaga kai. Can sama, fiye da tsayina har da miƙa hannu, busasshiyar ciyawa ce da tsumma da wata baƙar leda suka sarƙe a reshe, dukkansu sun kwanta gefe guda, wajen da ruwa ke gangarawa. Ya ce, “Ɗakinsa ne nan. Unguwa ya tafi, kuma ba ya sallama in zai dawo.”

Daga nan ya sauko, ya bar yaran suna riƙe da kwalekwale, muka shiga zagaye. Ni a lokacin gani nake ɓata lokaci ne kawai. Sai daga baya na gane karatu yake yi. Yayin da ruwa ya rataya a reshe shi ne layi na farko, kuma ba ya tsayawa a kan bishiya ɗaya, don mai yiwuwa iska ce ta kai leda can. Sai ya ga uku ko huɗu duk sun yi daidai a tsayi ɗaya sannan ya yarda. Ya kankare jikin wani kututture da farce, busasshiyar laka ta zubo, ya nuna mini inda ta tsaya. Itatuwan ma shaida ne. Giyayya da ƙaidaji ba sa zama sai inda ruwa ke kwanciya duk shekara, haka ma jema. In ka gan su, to kana cikin fadama ko da ƙura na tashi a ƙafarka. Baƙar ƙasa mai tsagewa da rani ita ma ta faɗi nata: taɓo ce da damina. Muka yi ta hawa har ƙasa ta koma ja mai tsakuwa, gamba ta maye gurbin jema, muka fara ganin kaɗanya da ɗorawa da doka, itacen nan mai suna irin na yankinmu, wanda ba ya son ƙafarsa cikin ruwa. Ya ga suri, ya ɓalle gefensa da sanda, gara ta fito tana ta kai-komo. Ya gyaɗa kai. Suri mai rai da ramin gafiya alamu ne cewa ruwa ba ya daɗewa a wurin, ko da yake shi bai taɓa dogara da alama guda ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ya fi ɗaukar lokaci yana duban bayansa fiye da gabansa. A bayan yashin nan da na zaɓa akwai wani ɗan kwari, zurfinsa bai wuce gwiwa ba, cike da busasshen ganye. Tsohuwar hanyar ruwa ce. In kogi ya kawo, ba lallai ne ya fara zuwa maka ta gaba inda ka zuba ido ba. Yakan bi irin wannan kwari ya zagayo, kafin ka farka ka zama mazaunin tsibiri, hanyar tudu ta yanke. Saboda haka duk inda zai kafa bukka, sai ya taka da ƙafarsa daga wurin har kan tudu, ya tabbata hanyar hawa take yi kaɗai, babu gangara a tsakani, kuma yaro zai iya bin ta cikin duhu.

Ya kuma ƙi wata gaɓa mai tsayi da ke ƙetare, wadda ni na ɗauka ita ce mafita tunda ruwa ba zai hau ta ba. Inda kogi ya yi gwiwa, ta bayan gwiwar ruwa ya fi ƙarfi, yana cin gaɓa ta ƙasa yana yi mata kogo. Sama tana nan da ciyawarta lafiya lau, ƙarƙashi kuwa babu komai. Ta cikin gwiwar ne ruwa ke rage gudu ya sauke yashi. Ɗaya na zabtarewa, ɗaya na nutsewa. Wurin da ya zaɓa yana ɓangaren cikin gwiwar ne, amma can baya, a hawa na biyu, tafiyar kamar taku saba'in daga ruwa. Na yi ta ƙunƙuni don ni zan yi jigilar kaya.

Kafin magariba ya yi wani ɗan aiki da har yau nake ganin ya fi na'urori da yawa. Ya karyo kara, ya yi masa tsaga uku da wuƙa, tazarar yatsu huɗu-huɗu, ya kafa shi daidai inda ruwa ya taɓa yashi. Bayan isha ya sauka da tocila ya duba. Ruwa ya taɓa tsaga ta farko. Ya ɗebo ruwan a tafin hannu ya haska: ɗazu garau yake, yanzu ya fara gurɓacewa, ga ƴan kumfa da tsinkaye na wucewa. Ya sa aka ja kwalekwale sama, aka ƙara wa igiya tsayi, aka ɗaure ta a jikin itace, ya koma ya kwanta abinsa. Da asuba na sauka alwala. Karan babu shi. Kwarin nan na baya ya cika yana gudu, yashin da na jefa jakata kuwa saura ɗan tsiri a tsakiyar ruwa. Sama ko gajimare babu. Baba bai ce mini komai ba, kuma shirun nan ya fi zagi zafi.

Dalilin ba sihiri ba ne. Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos yake fitowa, ƙasar da ta ɗara mita 1,200 a sama da teku, alhali garin Kaduna yana wajen mita 600. Yana tafiyar kusan kilomita 550 kafin ya faɗa Neja daura da Pategi. Damina na riga sauka a kan tudun Jos da kudancin jihar nan, kuma ƙasa mai duwatsu ba ta riƙe ruwa, tana sako shi ne da sauri. Don haka ruwan da aka yi a wani gari da ba ka taɓa zuwa ba shi zai same ka a kan tabarmarka, kai kuwa kana kallon taurari. A ƙasa da madatsar Shiroro, wadda ta fara aiki a 1990, lamarin ya ƙara wani salo: can ba hadari kaɗai ake duba ba, har da ranar da za a buɗe ƙofofin dam.

Ruwa dai shi ne babban abin tsoro, amma ba shi kaɗai ne ke kore mutum daga wuri ba. Akwai wani mashigi mai duwatsu da muka wuce, inda ruwa ke dukan dutse yana fari kamar madara, ga sanyi, ga daɗin kallo. Baba ya ce a nan ana kamu, ba a zama. Dalilinsa biyu. Ƙarar ruwan tana toshe kunne, ba za ka ji takun ɓarawo ko kiran ɗan'uwa ba, ba kuma za ka ji lokacin da muryar kogin ta sauya ba. Na biyu, wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda da ke cizo da rana. Masana sun tabbatar da abin da masunta suka daɗe da lura da shi: wannan ƙuda a ruwa mai gudu kan duwatsu yake hayayyafa, kuma shi ke yaɗa cutar makantar kogi, wadda ta sa aka yi ta ganin ƙauyukan bakin rafi cike da dattawa ana yi musu jagora da sanda. Sai daga 1987, da kamfanin Merck ya fara ba da maganin Mectizan kyauta, aka samu sauƙinta. Ruwa mai kwanciya shi ma da nasa sharrin, don a nan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya take, ga sauro. Tsakanin mai gudu da makwanci ake neman wurin ɗiba da wanka.

Sai kurmi. Duhuwar nan mai sanyi da ke bin bakin rafi, wadda gajiyayye ke gani ya ji kamar ya faɗa ciki, gidan tsando ce. Tsando ke kawo wa mutum ciwon barci, ya kawo wa saniya sammore. A shekarun 1930 abin ya yi tsanani a ƙasar Zazzau har gwamnatin Turawa ta sa aka sassare kurmin rafuka a yankin Anchau, aka tashi mutane aka gina musu sabon gari, aka sa masa suna Takalafiya. Cibiyar binciken wannan cuta tana nan cikin Kaduna tun farkon shekarun 1950. Bafulatanin da ya kawo shanu mashaya da rani bai karanta rahoton kowa ba, amma ba za ka ga ya kafa ruga cikin kurmi ba. Yakan shayar a fili inda rana ke duka, ya kora dabbobinsa tudu su kwana.

Batun iska kuwa gajere ne, kowane makiyayi ya san shi. Hadari a ƙasarmu daga gabas yake tasowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas, shi ya sa ƙofar bukka ke kallon yamma. Da hunturu sanyi gangarowa yake ya taru a kwari kamar ruwa, wanda ya kwana a yashi haƙoransa za su gaya masa. A ɗan tudu kuwa ana samun iskar da ke kore sauro. Wurin banda ana sa shi inda hayaƙi zai bi bayan bukka, nesa da busasshiyar ciyawa. Na tambayi Baba me ya sa muka bar wata ƙatuwar tsamiya mai inuwa, ko don aljanu ne. Ya yi dariya, ya ce aljanun ba su taɓa cewa da shi komai ba, amma akwai busasshen reshe a samanta da gidan zuma a kogonta, kuma waɗannan biyun ya san halinsu.

Akwai kuma abin da ba a gani a ƙasa, wato haƙƙin mutane. Babu bakin ruwan da ba shi da mai shi. Washegari da safe, kafin a jefa taru, Baba ya tafi da goro wurin Sarkin Ruwa na yankin, ya kuma leƙa masu lambun da ke kusa ya gaishe su. Ba ya kafa bukka a kan burtali ko a bakin mashaya, don garke in ya ji ƙanshin ruwa ba ya ratse wa kowa. A kogunan da ke da dorina, irin Neja da Binuwai, haka ake kauce wa hanyar da take bi in ta fito kiwo da dare. Makewayi kuwa can bayan tudu ake yin sa, ƙasa da inda ake ɗibar ruwa, kuma wannan ko addini ya yi hani da ɓata mashaya da hanya da inuwar da mutane ke hutawa. Tun da noman rani ya bunƙasa a fadamu daga farkon shekarun 1990, filin da baƙo zai sauka ya ragu ƙwarai, kuma rigingimu da dama tsakanin manomi da makiyayi daga nan suke farawa: wani ya sauka inda bai kamata ba, ko wani ya shuka albasa a kan hanyar ruwan shanu. Yanzu kuma ga matsalar tsaro da ta sa wurare da yawa a dazukan jihar nan ba sa kwanuwa ko da sun cika kowane sharaɗi. Wannan ba laifin kogi ba ne.

Gwanintar nan tsohuwa ce. Ayarin fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni da jakuna, yana da madugu, yana kuma da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da wurin sauka. Kalmar zango da ta bazu har Kumasi da Accra daga wannan aiki ta fito. Matafiyan da suka san hanya suna da ƙa'idar da na ji Baba ma yana faɗa: in ka iso kogi da yamma kuma yana ƙetaruwa, ƙetare sannan ka kwana, don ba ka san da wace fuska zai wayi gari ba. Masu karatun sira kuma za su tuna ranar Badar, shekara ta 2 bayan Hijira, yadda Hubabu ɗan Munziri ya ba da shawarar a sauya masauki a matsa kusa da rijiyoyi, aka kuma karɓi shawararsa. Zaɓen wurin sauka bai taɓa zama aikin yara ba.

Shi kansa garin nan namu zango ne da aka zaɓa. Kafin nan Turawa sun zauna a Zungeru, a bakin wannan kogin dai amma can ƙasa, zafi da sauro suka dame su. Da layin dogo ya ratso ya kai Kano a 1911, sai hankalinsu ya koma inda ya ƙetare kogin Kaduna, aka dawo da hedikwatar Arewa nan a 1917. Duba inda suka ajiye barikoki da ofisoshi da gidajen manya: kan tudun arewacin kogi, wato ɓangaren Doka. Ruwa kusa, amma ba a cikin ɗakinsa ba. Komai za a ce game da mulkinsu, a wannan kam lissafinsu ya zo daidai da na Baba. Ƴar gadar ƙafa ta Gwamna Lugga da aka ciro daga Zungeru tana nan a Gamji ga mai son gani.

A wasu ƙasashe abin ya zama sana'ar yawon buɗe ido. Mutane na biyan kuɗi a sa su cikin kwalekwalen roba a bi da su ta ruwa mai dukan duwatsu, a kogin Zambezi ƙasa da magangarar Victoria, ko a Nilu wajen Jinja ta Yuganda, ko a Kolorado ta Amurka, da dare su kafa tanti a gaɓa. Jagororinsu na ƙwarai abin da Baba ke dubawa shi suke dubawa: sawun ambaliya, hanyar hawa, reshen da ke sama, yadda za a ɗaure jirgi in dam ya sako ruwa cikin dare. Inda aka yi sakaci kuwa, kuɗi da ilimin boko ba su hana komai ba. Ranar 7 ga Agusta 1996, a Biescas cikin tsaunukan arewacin Sifen, ruwa ya gangaro daga wani kwazazzabo ya share sansanin masu hutu da aka gina daidai bakinsa, mutum 87 suka rasu. Ranar 4 ga Yuli 2025, kogin Guadalupe a jihar Texas ya tashi kusan mita 8 cikin minti 45, da duhun asuba, ya ci wani sansanin ƴan mata da ke gaɓarsa tare da wasu wurare. Dukkansu wurare ne masu kyan gani, shimfiɗaɗɗu, masu inuwa, irin yashin da na jefa jakata.

Mu ma ba sai mun je nesa ba. Wanda ya ga Agustan 2003 a Kaduna bai manta ba, haka 2012, kuma tun daga nan kusan duk damina mai ƙarfi sai an ji sunayen nan: Kigo Road, Rafin Guza, Bashama Road, ƙasan Unguwar Rimi. Ba na ganin laifin talakan da haya ta kore shi ya sayi fili mai araha. Amma filayen nan da rani ake nuna su, da rani ake biya, da rani ake zuba harsashi, lokacin da mai ɗakin ya tafi unguwa. Masunci da zai yi mako uku kacal yakan ɓata awa guda yana duba wuri, mu kuwa da za mu zauna da iyali shekara talatin muna gamawa a cikin motar dillali.

Baba ya rasu da daɗewa, Allah ya jiƙansa, amma irinsa ba su ƙare ba. Suna nan cikin masunta da masu fito da masu haƙar yashi da tsofaffin makiyaya, daga Malali har Kabala. In an nuna maka fili kusa da kogi, ɗan'uwa, kada ka biya sai ka koma cikin Satumba ka gan shi da idonka. In ba za ka iya jira ba, nemi ɗaya daga cikin dattawan nan, ka ba shi goro, ka bi shi a baya, in ya ɗaga kai yana duban reshe kai ma ka ɗaga.